MARIGAYI MUSTAFA AKKAD (1930-2005), MAI FIM ƊIN AR-RISALA



Ya 'yan'uwa matasa, duk wanda ya saba zama a majalisun shan ataya na zongonmu ya san cewa bayan ƙwallon ƙafa babu abin da ke ta da jijiyar wuya kamar hirar fim. Wannan ya ce babu darakta irin Christopher Nolan, domin fim ɗinsa Oppenheimer na 2023 awa uku ne cur amma ko ruwa bai tashi sha ba. Wancan ya ce Martin Scorsese ya wahalar da shi da Killers of the Flower Moon mai minti 206, har barci ya sace shi sau biyu. Wani kuma ya ce shi duk fim ɗin da ya wuce awa ɗaya da rabi ɓata lokaci ne da cin data. Dattawanmu da suka yi zamanin silimar Dunia ta Nima sai su yi ta dariya, su ce su a da idan fim ɗin Indiya bai kai awa uku ba gani suke an cuce su kuɗin tikiti.

To, wannan gardama ta biyo mu har cikin taron ƙungiya. A zaman da muka yi na shirya shagalin bayan Sallah, wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a haska wa matasa fim ɗin Ar-Risala, wanda ake kira The Message da Turanci. Nan take taro ya rabu. Wasu suka ce ya cika tsawo, yaran yanzu ba za su zauna ba. Wasu suka ce haramun ne, domin sun ji an ce an nuna Manzon Allah (S.A.W.) a ciki. Wasu kuma suka ce mai fim ɗin ai shi ne ya yi ta fitar da finafinan ban tsoro na Halloween, don haka ba abin yarda ba ne. Da aka ce wanda ya taɓa kallonsa daga farko har ƙarshe ya ɗaga hannu, sai ga shi ba su kai rabin masu magana ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da ya shirya fim ɗin, domin duk maganganun nan an yi masa su tun yana da rai, kuma ɗaya daga cikinsu har jini ta zubar.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Mustafa Akkad ranar 1 ga Yuli, 1930 a birnin Halab na ƙasar Siriya, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, mai rufin asiri amma ba mai dukiya ba. Ya yi karatun sakandare a kwalejin Amurkawa da ke Halab, kuma tun yana yaro Allah Ya sa masa son silima, har ya ƙudurta cewa sai ya je Holiwud ya koyi shirya fim. A wancan zamani wanda ya faɗi haka a Halab dariya za a yi masa.

Cikin shekarun 1950 ya samu shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis. Ranar tafiya, guzurin da mahaifinsa ya ba shi shi ne dala 200 da kwafin Alƙur'ani Mai Girma. Ya karanta ilimin wasan kwaikwayo da shirya fim, sannan ya ƙara shekara uku a Jami'ar Kudancin Kalifoniya inda ya yi digiri na biyu. A wannan lokaci ne ya haɗu da darakta Sam Peckinpah, wanda daga baya ya shahara da finafinan kaboyi. Peckinpah ya ɗauke shi mai ba da shawara a wani fim da ya so yi kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya. Fim ɗin bai yiwu ba, amma Peckinpah ya ci gaba da riƙe masa hannu har ya samu aiki a gidan talabijin na CBS.

Baƙi da yawa idan sun shiga Holiwud sukan canja suna don a karɓe su. Shi bai canja ba, Mustafa ya shiga, Mustafa kuma aka riƙa rubutawa a jikin finafinansa. Abin da ya dame shi a zamansa can shi ne yadda ake nuna Balarabe da Musulmi a fim: ko dai ɗan fashin hamada, ko attajiri marar hankali mai tara mata. Ya sha bayyana cewa a matsayinsa na Musulmin da ke zaune cikin Turawa yana ganin wajibinsa ne ya gabatar musu da labarin Musulunci na gaskiya. Mu mutanen zongo mun san wannan hali, tunda a Gana ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin 100, kuma sau da yawa abokan karatunmu daga bakin wasu suke jin labarin addininmu.

WAHALAR SHIRYA AR-RISALA

A farkon shekarun 1970 Akkad ya ɗauki niyyar yin fim kan tarihin Musulunci tun daga fara saukar wahayi. Kamfanonin Holiwud ba su ga ribar fim ɗin da ba za a ga jaruminsa ba, don haka ya nemi kuɗi daga ƙasashen Kuwait da Libiya da Maroko. Labarin kuwa wani marubuci ɗan ƙasar Ailan mai suna H.A.L. Craig ya tsara shi, tare da manyan marubutan Masar irin su Taufiƙ Al-Hakim da Abdurrahman Ash-Sharƙawi. Akkad ya kai rubutun gaban malaman Azhar suka duba suka amince, haka ma majalisar ƙoli ta malaman Shi'a ta Labanon. Amma ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta ƙi amincewa, kuma daga nan ne Kuwait ta janye hannunta.

A 1974 aka fara ɗauka a kusa da birnin Marrakish na Maroko, bayan an kwashe watanni ana gina garin da ya yi kama da tsohuwar Makka. Aiki ya yi nisa sai matsin lamba daga Saudiyya ya sa Sarki Hassan na Biyu ya ba da umarnin a tsaya. Akkad ya wayi gari da ɗaruruwan ma'aikata da 'yan wasa a otal, ga bashi yana hawa, ga fim bai ƙare ba. Sai ya nufi Libiya ya nemi taimakon Kanar Mu'ammar Gaddafi, shi kuma ya ba shi kuɗi da wuri. A hamadar Libiya aka ƙarasa aikin.

Wani abin da ya ƙara wa aikin nauyi shi ne fim biyu ya yi a lokaci guda, ɗaya da Turanci ɗaya da Larabci, kowanne da 'yan wasansa. Idan an gama ɗaukar fitowa da rukuni ɗaya, sai ɗaya rukunin ya shigo a maimaita ta a wuri guda. A na Turanci, Anthony Quinn haifaffen Meziko ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza (R.A.), Irene Papas 'yar Girka ta fito a Hindu matar Abu Sufyan, Johnny Sekka kuma, ɗan yankinmu na Afirka ta Yamma da aka haifa a Dakar, ya fito a Sayyidina Bilal (R.A.). A na Larabci Abdullah Gais ɗan Masar ne Hamza, Muna Wasif 'yar Siriya ce Hindu. Har yau masu kallo ba su daidaita ba kan wanda ya fi iya fitowar Hamza tsakanin Quinn da Gais, kuma mu ma a majalisarmu ba mu daidaita ba.

Bai yi ƙwauron neman gwanaye ba. Mai ɗaukar hotonsa Jack Hildyard ya taɓa cin kyautar Oska da fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957, mai tsara kiɗan kuwa Maurice Jarre ne Bafaranshe, wanda ya yi kiɗan Lawrence of Arabia na 1962. Kiɗan Ar-Risala ya shiga takarar Oska a 1978, amma John Williams ya cinye da kiɗan Star Wars.

ABIN DA KE CIKIN AWA UKUN

A nan muna roƙon mai karatu ya natsu. Ba a nuna Manzon Allah (S.A.W.) a fim ɗin nan ba, ba a nuna inuwarsa ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Haka nan ba a nuna matansa da 'ya'yansa ba, ba a nuna Halifofi huɗu ba. Idan labari ya kai inda yake wurin, sai kyamara ta tsaya a matsayinsa, 'yan wasa su fuskance ta su yi magana, wani daga cikinsu ya isar da abin da aka umarta. Ana ganin raƙumarsa, kuma a fagen Badar ana ganin bakin takobin Sayyidina Ali (R.A.) ba tare da an ga mai riƙe da shi ba. Wannan ne ya sa nauyin labarin ya koma kan Hamza da Bilal da Zaidu da Ammar, Allah Ya ƙara musu yarda.

Na Turancin minti 178 ne, na Larabcin kuma ya haura awa uku. Masu cewa ya yi tsawo, mu yi lissafi tare. Shekara 23 ce ta Manzanci aka tattara, watau kowace shekara ba ta samu ko minti 8 ba. A cikin wannan lokaci an nuna manzanni a kan dawaki suna kai wasiƙu ga sarkin Rum da na Farisa da shugaban Masar. An nuna azabar da aka yi wa Bilal da dutse a ƙirji, da shahadar Sumayya da Yasir. An nuna hijira zuwa Habasha, inda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa Najjashi ayoyin Suratu Maryam. An nuna hijira zuwa Madina da saƙar gizo-gizo a bakin kogo, da ginin masallaci, da kiran salla na farko. Sannan ga Badar, ga Uhudu da mashin Wahshi, ga sulhun Hudaibiyya, ga musuluntar Khalid ɗan Walid, ga buɗe Makka. Mun tambayi 'yan'uwanmu masu son a rage tsawon wanne za a cire a cikin waɗannan, har yanzu ba su ba mu amsa ba.

Amma akwai magana mai nauyi da ba za mu ɓoye ba. Malamai da yawa, a da da yanzu, suna ganin bai halatta wani ɗan wasa ya fito a siffar Sahabi ba, balle Sahabi irin Hamza, domin mai kallo zai riƙa tuna fuskar ɗan wasan duk lokacin da aka ambaci Sahabin, ga shi kuma gobe ɗan wasan zai fito a wani fim yana shan giya. Wasu kuma suna ƙin kiɗan da ke ciki. Wannan saɓani ne na malamai masu hujja, kuma ya sha bamban da jita-jitar da za mu ba da labarinta yanzu.

FITINAR WASHINTON

Tun ana ɗaukar fim ɗin labari ya bazu a ƙasashen Musulmi cewa wani Bature zai fito a matsayin Annabi (S.A.W.). Ƙarya ce, amma ta riga gaskiya isa kunnuwan mutane. Da za a fara nuna shi a Landan a watan Yuli na 1976, barazanar da aka yi ta sa aka cire sunan Manzon Allah daga sunan fim ɗin, aka mayar da shi The Message.

Ranar 9 ga Maris, 1977, ranar da aka fara nuna shi a Amurka, wasu Musulmi 12 ɗauke da makamai ƙarƙashin jagorancin Hamaas Abdul Khaalis suka mamaye gine-gine uku a birnin Washinton: hedkwatar ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith, da Cibiyar Musulunci ta birnin, da ginin majalisar birni. Suka yi garkuwa da mutum 149. Khaalis mutum ne mai ciwo a zuciya, domin a 1973 an shiga gidansa an kashe mutum bakwai, akasarinsu yara, kuma babbar buƙatarsa ita ce a miƙa masa waɗanda suka yi kisan. Amma cikin buƙatunsa har da a dakatar da fim ɗin Akkad, wanda shi bai kalla ba. A ranar farko aka harbe wani matashin ɗan jarida na rediyo mai suna Maurice Williams, aka kuma raunata ɗan majalisa Marion Barry wanda daga baya ya zama magajin garin. Wani mai gadi da aka harba shi ma ya rasu bayan 'yan kwanaki.

Gidajen silima suka tsayar da fim ɗin ana tsakiyar kallo. Akkad ya yi tayin ya nuna wa mutanen fim ɗin, in sun ga ɓatanci a ciki ya ƙona shi. A ƙarshe jakadun Masar da Pakistan da Iran ne suka zauna da Khaalis, suka tunatar da shi da ayoyin Alƙur'ani kan rahama da afuwa, har ya saki mutanen ranar 11 ga wata. An ci gaba da nuna fim ɗin, amma tsoro ya riga ya shiga mutane, kasuwarsa a Amurka ba ta tashi ba. A wasu ƙasashen Larabawa kuma, ciki har da Saudiyya, an hana nuna shi shekaru masu yawa. Ta kaset ɗin bidiyo ne ya yi ta shiga gidajen Musulmi, har ya iso zonguna irin namu.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Duk wanda a cikinmu ya maimaita cewa an nuna Annabi a Ar-Risala ba tare da ya bincika ba, to ya sani wannan maganar ta taɓa zama ɗaya daga dalilan tsare mutum 149.

HALLOWEEN DA MAGANAR KUƊI

A 1978 wani mai rarraba finafinai, Irwin Yablans, da wani matashin darakta, John Carpenter, suka nemi Akkad ya sa kuɗi a wani ɗan ƙaramin fim na ban tsoro. Ya sa kimanin dala 300,000, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin Ar-Risala. Cikin kamar sati uku aka ɗauke shi, tsawonsa minti 91. Wannan shi ne Halloween, labarin wani mai kisan kai da ke rufe fuska. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 70 a duniya. Daga nan har 2002 an yi finafinan Halloween guda takwas, kuma dukkansu da sunan Akkad a jiki a matsayin mai ɗaukar nauyi. Shi bai ba da umarni a ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ba za mu wanke shi a nan ba. Finafinan nan akwai zubar da jini da tsiraici a cikinsu, ba ma kuma ba kowane matashi shawarar ya kalle su. Masu sukarsa kan wannan suna da gaskiyarsu. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne, gajeren fim ɗin da ya sa wa kuɗi kaɗan shi ya ciyar da shi shekara da shekaru, dogayen finafinan da ya ba rayuwarsa kuwa asara suka jawo. Da yawan kuɗin tikiti ne ma'aunin fim, da Halloween ya fi Ar-Risala daraja nesa ba kusa ba, kuma ba mu jin akwai wanda zai faɗi haka a cikinmu.

UMAR MUKHTAR

Fim na biyu kuma na ƙarshe da Akkad ya ba da umarni shi ne Lion of the Desert, wanda mu muka fi sani da Umar Mukhtar. An ɗauke shi a Libiya da kuɗin gwamnatin Gaddafi, kimanin dala miliyan 35, ya fito a 1981. Tsawonsa ya kusa awa uku.

Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya taɓa zama a arewacin Chadi yana koyarwa yana kuma taya yaƙi da Faransawa. Da Italiya ta afka wa Libiya a 1911, ya ɗauki bindiga, ya yi shekara 20 yana yaƙin sari-ka-noƙe a duwatsun Jabal Akhdar. Musolini ya tura Janar Rodolfo Graziani, wanda ya kwashe mutanen karkara ya zuba a sansanonin gwale-gwale inda dubbai suka mutu, ya kuma ja waya mai ƙaya a iyakar Masar don yanke wa mujahidai hanyar abinci da makamai. An kama Umar Mukhtar ranar 11 ga Satumba, 1931, aka rataye shi ranar 16 ga wata a sansanin Suluƙ a gaban dubban mutanensa, yana da shekara sama da 70.

Anthony Quinn ne ya sake fitowa, wannan karo a matsayin tsohon malamin mai farin gemu da tabarau. Oliver Reed ya fito a Graziani, Rod Steiger a Musolini. Akkad ya sa tsofaffin hotunan gaske na sansanonin a cikin fim ɗin don kada a ce ƙirƙira ya yi. Wanda ya kalla ba ya manta mujahidan da ke ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu, da inda malamin ya hana a kashe fursunan yaƙi, da yaron da ya tsinci tabaran bayan an rataye shi.

A kasuwa fim ɗin bai mayar da ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba. A shekarar da ya fito dangantakar Amurka da Libiya ta lalace ƙwarai, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi farfagandar Gaddafi. A 1982 hukumomin Italiya suka hana nuna shi, wai ya ci mutuncin sojansu. Kun ga ke nan, fim na farko Musulmi suka hana, na biyu Turawa suka hana.

RASUWARSA

Shekarun da suka rage masa ya ƙarar da su yana neman kuɗin yin fim kan Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓo birnin Ƙudus a 1187. Ya so Sean Connery ya fito a matsayin Salahuddin. Ya zaga fadojin shugabanni da attajiran Larabawa, amma kuɗin ba su taru ba.

Ranar Laraba 9 ga Nuwamba, 2005, kwana kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, yana birnin Amman na ƙasar Jodan don halartar wani biki. Yana harabar otal ɗin Grand Hyatt yana tarbar 'yarsa mai shekara 34 da ta iso daga Berut, sai ɗan ƙunar baƙin wake ya ta da bam. A daren an kai hari otal uku a birnin, a ɗayansu ma a tsakiyar taron ɗaurin aure, kuma kimanin mutum 60 suka mutu, akasarinsu Musulmi. Ƙungiyar Alƙa'ida ta Iraƙi ƙarƙashin Abu Mus'ab Az-Zarƙawi ce ta ɗauki alhaki. 'Yar tasa nan take ta cika. Shi kuma ya rasu a asibiti ranar Juma'a 11 ga wata yana da shekara 75, aka kai shi Halab aka binne.

Mutumin da ya yi shekara 30 yana ƙoƙarin nuna wa Turawa cewa Musulunci ba addinin ta'addanci ba ne, waɗanda suka kashe shi da sunan Musulunci suka kashe shi. Allah Ya kare matasanmu daga wannan tafarki.

Bayan rasuwarsa ƙofofin da aka rufe masa suka fara buɗewa. A watan Yuni na 2009, lokacin da Gaddafi ya ziyarci Italiya da hoton kama Umar Mukhtar liƙe a ƙirjinsa, tashar Sky ta nuna fim ɗin ga Italiyawa. Ɗansa Malik Akkad ya sabunta hoton Ar-Risala da sautinsa, kuma a Ƙaramar Sallar 2018, watanni kaɗan bayan an sake buɗe gidajen silima a Saudiyya, aka ba da izinin nuna shi a can, shekara 42 bayan fitowarsa.

MU KOMA GA GARDAMARMU

Bayan mun karanta wa taro wannan tarihi, mun je wurin malaminmu mun nemi shawara, kuma ga abin da aka tsayar. Za a haska Ar-Risala na Larabci mai fassara a ƙasa, a dare biyu bayan sallar Isha'i, a tsaya daren farko a daidai hijira zuwa Madina. Kafin a fara, malam zai yi taƙaitaccen bayani cewa 'yan wasa ne ake gani, kuma littattafan sira ne madogara. Ɗan'uwan da ke bin fatawar malaman da suka hana kwaikwayon Sahabbai, ba laifi ya zauna a gida, kuma ba mu yarda wani ya yi masa gori ba. Wanda kuwa yake yaɗa cewa an nuna Manzon Allah (S.A.W.) a ciki, yanzu ya ji gaskiya, sai ya daina, ya kuma koma ya gyara wa waɗanda ya gaya wa. Masu kukan tsawo kuma muna gayyatarsu su zo su zauna har ƙarshe, washegari a majalisar ataya mu ji hukuncinsu. Idan bayan sun gani suka ce ya gundure su, za mu saurare su, domin a lokacin da ido suke magana.

Sai kuma kira ga matasanmu masu sha'awar kyamara. Akkad ya rasu bai yi fim ɗin Salahuddin ba, mu kuma a nan muna da namu tarihin da ke jiran mai ɗauka: fataken goro da suka kafa zonguna, da kasuwar Salaga da yaƙin basasarta na 1892, da rayuwar Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano, wanda ya koyar da ɗalibai masu yawa har ya rasu a 1934. Dattawan da suka ji waɗannan labarai daga bakin iyayensu suna nan a ƙofar masallatanmu, kuma kullum raguwa suke yi. Wayar da ke aljihunka, ɗan'uwa, ta isa ka fara naɗar hirarsu tun wannan mako.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Mustafa Akkad da 'yarsa da duk waɗanda suka rasu tare da su, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya yafe masa kurakuransa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon bincike kafin magana, Ya haɗa kan matasan zongo a kan gaskiya. Amin.